Kallabin Inna da Ragar Iska

Birnin Konni, 6 ga Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Ummu, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alhasan da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kawu, babanki, na gan shi ranar Juma'a a masallaci. Ƙafar ta yi sauƙi har ya bar sanda a gida, ko da yake ina zaton don idon mutane ne. Matata Nazifa tana gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na kira, kin sani, amma kullum sai na kashe nake tuna abin da na kira in faɗa. Shi ya sa na ba Na'Allah direba wannan, tunda gobe zai taso da albasa.

Maganar motar nan ce da Alhasan ya samo mini, marar rufi. Yaran unguwa sun sa mata suna Ba-Hula. A buro, wurin aikinmu, ana ta yi mini dariya, wai na kai arba'in sannan samartaka ta zo mini. Ban gaya wa kowa dalili ba, ke ma ban gaya miki ba, ga shi yanzu.

Inna, mahaifiyar Nazifa, ba ta iya shiga mota mai rufi. Da an rufe ƙofa, warin esansi, wato fetur, ya taso, sai jiri da amai, ta kwana biyu a kwance. Da can bayan kamyo, babbar motar kaya, take hawa, bisa buhuna, yanzu gwiwa ta hana. Yayarta kuwa, Gwaggo Saratu, tana wani ƙauye bayan Tajaye, ƙafafu sun riƙe, ba ta fita ko ƙofar gida. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma shekaru sun tura ba su ga juna ba. Gwaggo ba ta ji sosai, don haka wayarsu ihu ce kawai. Watan jiya ta aiko a ce wa ƙanwarta ta zo kafin ruwa ya sauka ƙorama ta datse hanya, don ba ta san ko za ta ga wani rani ba.

Da na kai motar ƙofar gidan Yusha'u, wan Nazifa, inda Inna take zaune, ta leƙo ta ce wa Nazifa, "Wagga ita ce mota. Mutum shina shan iska kamar bisa jaki." Muka ce a gwada zuwa Tsarnawa. Suka zauna a baya ita da Nazifa. Cikin gari lafiya lau, har tana ɗaga wa mutane hannu. Da muka hau gudro, wato kwalta, na ɗan taka. Mayafi ya fara tashi, Nazifa ta cafke. Sai kallabi. Ummu, kallabin Inna ya tashi daga kanta, daidai shingen jandarma, gaban masu sayar da mangwaro, ya je ya sauka bisa wani kamyo mai tafiya gabas. Ina jin yanzu ya wuce Maraɗi.

Na rubuta a littafina na kullum cewa ban dubi madubi ba. Washegari na sake karantawa, na ƙara "a iya sanina".

Tun ranar, in na je gaisuwa na durƙusa a bakin ƙofa, "lafiya" ɗaya nake samu daga bayan labule. Ta rantse ba ta ƙara shiga.

Ban zauna ba. Na sayi kankana babba, na ɗaura mata tsohon kallabin Nazifa, na zaunar da ita a baya bisa matashi, na yi ta kai da kawowa tsakanin Konni da Tsarnawa. Jandarman shingen har ya sara mata ya ce, "Ina wuni, Hajiya," kafin ya lura. Yanzu in ya hango ni sai ya riƙe ciki. Abin da na gano shi ne, da na wuce gudun keke kallabin yake tashi, kuma gaba yake fara yi, ba baya ba. Wannan ya ɗaure mini kai. Mota tana tafiya gaba, me ke turo shi daga baya?

Nazifa ta ce ni ke taka wuta da yawa, in ba ta makulli ta nuna mini. Kin san tana da permi na tuƙi tun lokacin da take aikin rigakafi a ƙauyuka. Na ce mata zan yi nazari. Ina kan yi.

A littafin motar na ga zanen wata raga mai firam, wai tana tare iska. An ce kuɗinta ya kai na rago. Ki tambayar mini Alhasan: gaskiya tana aiki, ko ado ce irin ta Turawa? Ta cancanci a saya? Kada ki ce mini eh don ki rabu da ni.

Naki, mai jiran amsa,
Labbo

*

Kwatano, 15 ga Afrilu

Zuwa ga Labbo Sarkin Nazari.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai Jamilu da ya yi zazzaɓi, ya kuma warke har ya koma karatu a lakwal. Na gode da labarin Baba. Sandar tana bayan ƙofa, ina da mai gaya mini.

Takardarka na karanta wa Alhasan da ƙarfi, sai da ya ajiye cokali. Yara kuma yanzu in an yanka kankana sai su ce, "Allah ya jiƙan Hajiya." Kai dai tun muna ƙanana haka kake. Ranar da aka ce ka tsallake kwata sai da ka nemo kara ka auna ta, mu har mun kai kasuwa.

Amma abin da ka yi wa Inna Hawa'u, Allah ya saka maka. Ban yi zaton kana da wannan a cikinka ba.

Ga amsarka. Alhasan ya ce idonka bai yi ƙarya ba. Iska tana haye gilashin gaba, ta faɗo a baya, ta juyo ta bugi ƙeya. Ita ce ɓarauniyar kallabi. Ragar ana kafa ta a bayan kujera, iska in ta juyo sai ta tarar da ita ta mutu a nan. Ban tsaya ga maganarsa ba, ka san maza da ƙarfe. Wani maƙwabcinmu yana da irin motar da ragarta. Na yi ɗaurin biki, irin wanda ba ya shiga ƙofa sai an sunkuya, na sa matarsa ta ja mu hanyar bakin teku da gudu. Ko gezau. Na sauko kamar yanzu na tashi daga gaban madubi.

Saya. Na ma riga na samo maka ta hannu a kasuwar kayan mota, mai kyau, ƙugiya ɗaya ce za a gyara. Ba za ta biyo wannan tafiyar ba, sai Na'Allah ya sake dawowa.

Ka gaishe da Nazifa, ka ce ina taya ta haƙuri da kai.

Uwar ɗakinka,
Ummul-Khairi

*

Birnin Konni, 28 ga Afrilu

Ummu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Jamilu lafiya. Uwar ɗakin wa? Zan bar wannan ta wuce saboda farin cikin da nake ciki.

Takardarki ta yi aiki fiye da maganata. Na ba Nazifa ta karanta wa Inna inda kika yi maganar ɗaurin biki. Inna ta ce, "Ɗiyar nan ba ta ƙarya a kan ɗauri." Yusha'u ma ya sa baki. Daga ƙarshe ta yarda, da sharaɗi ɗaya: sai ta ga kankana ta je Tsarnawa ta dawo da kallabinta a kai.

Mun aika Tajaye. An sa ranar Asabar ta ƙarshen Mayu. An ce Gwaggo Saratu ta sa an share ɗaki an yi sabon daɓe, ta ware zabin da za a yanka, ta hana kowa taɓa su. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Ƙanwata na tahe, cikin mota marar kai." Jikokinta sun ce ta fara cin abinci sosai.

Ni ma gaisuwata ta ƙaru. Jiya na samu "lafiya", na samu "ina gajiya", har da "a gaida mutanen buro".

Abu ɗaya ke damuna, kuma na san za ki ce ba na rasa abin damuwa. Na'Allah bai taso daga wurinku ba, wai kamyonsa yana garaji, shi ya sa na ba wani direba wannan takarda. Da yamma kuma gabas ta fara haɗa gira. Ki matsa masa.

Labbo

*

Birnin Konni, 19 ga Mayu

Ummul-Khairi,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, ta jiki.

Raga ta iso shekaranjiya. Na kai garaji aka kafa ta, ta zauna daram kamar da ita aka ƙera motar. Sai na ja da baya na dube ta.

Ummu, ragar nan bayan kujerun gaba take tsayawa. Ƙafarta kuma shimfiɗe take bisa kujerar baya, ta rufe ta ruf kamar faifai a bakin ƙwarya. Ba mai iya zama a baya. Ko kankana ba ta shiga.

Na ɗauko takardarki na sake karantawa. Kin ce "a bayan kujera". Ba ki ce wace ba, ni kuma ban tambaya ba, don a kaina babba a baya yake zama, ina kuma? Sai yanzu na lura cewa ranar da kika gwada, matar maƙwabcinku ce ta ja, ke kina gefenta.

Don in cika aiki na sa kankana a gaba, na je Tsarnawa na dawo. Kallabi ko motsi. Na taka fiye da yadda na taɓa takawa, ko motsi. Abin yana aiki, ba ƙarya. Yana aiki ga wanda ya zauna kafaɗa da kafaɗa da direba.

Kin daɗe a bakin teku, bari in tuna miki. Tun da na auri Nazifa ban taɓa cin abinci a gaban Inna ba. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, magana ma ta bakin Nazifa take biyowa ko ina tsaye a wurin. In mun haɗu a lungu, ɗayanmu yakan tuna ya yi mantuwa a gida. Ita ce za ta zauna gwiwarta kusa da hannuna, ina canza giya, daga Konni har Tajaye? Ko ta yarda, ni sai na kai mu rami.

Na zauna na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Labule a tsakani: zai rufe mini madubin dama, kuma iska za ta mai da shi tuta. Yusha'u: bai iya ko keke ba. Direban haya: baƙon namiji, ya fi ni muni. A matsar da ragar baya: mai garaji ya ce ƙarfen ba ya kaiwa, kuma ko ya kai, iskar a kan mai zaman baya take sauka tun kafin ta juyo.

Ban gaya wa Inna ba. Ban gaya wa mutanen Tajaye ba. An ce an yi yayyafi a Illela ranar Talata. Tsohuwa tana can tana kiwon zabi tana jiran mota.

Kin gama da ni, Ummu.

Labbo

*

Kwatano, 26 ga Mayu

Ɗan'uwana Labbo,

Muna lafiya. Ban ma san ko na gaishe ka daidai ba.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin kamyon Na'Allah, ban iya dariya ba. Na kira wayarka ba ta shiga, na kira ta Nazifa tana ta ƙara ba a ɗauka. Tun muna yara muke zagin juna, amma ba ka taɓa rubuta mini cikakken sunana a kan takarda ba sai yau. Na gane ka yi fushi.

Laifina ne. Wallahi ko kaɗan surukuta ba ta faɗo mini a rai ba. A nan na ga suruka ta hau bayan babur ɗin mijin ɗiyarta ta riƙe shi gam, har idona ya saba. Na ɗauki kaina na auna, na manta wadda za a ɗauka.

Alhasan ya ce ka maido ragar, zai karɓa. Amma wannan ba ya kai Inna Hawa'u Tajaye, na sani. In ta ɗaura kallabin ta bi da igiya ta ƙarƙashin haɓa fa? Na san ba za ta yarda ba, ina faɗa ne kawai don ba ni da wata dabara.

Ka rubuto, ko zagi ne. In Gwaggo Saratu ta rasa ganin ƙanwarta saboda bakina, ban san da wane ido zan zo Konni ba.

Ummu

*

Birnin Konni, 5 ga Yuni

Zuwa ga uwar ɗakina, na yarda, na yau kaɗai.

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, lafiya ƙwarai. Kawu ya koma ga sandarsa, ya ce ruwa ne ya taso masa da ƙafar. Takardarki sai jiya ta iso, Na'Allah ya manta ta cikin aljihun kujera. Fushi kuma? Ni da kaina nake, kin san sana'ata ce. Wayata ta faɗa randa ne. Nazifa kuwa ba ta ɗauka don hannuwanta duka biyu suna kan sitiyari. Bari in bi da ke daki-daki.

Ana saura kwana kaɗan na ga ba makawa, na tafi in gaya wa Inna. Na durƙusa a bakin ƙofa, Nazifa tana ciki tare da ita. Na yi bayani tun daga yadda iska ke haye gilashi, har ina zane a ƙasa da tsinke, alhali labule ne a gabana. Na kawo maganar kujera, na kawo hanyoyin da na bi da yadda kowace ta toshe. Na ce a gafarce ni.

Sai na ji Inna ta ce, "Ke Nazifa. Takardar nan mai hotonki, da kika yi wata da watanni kina zarya a kanta, ta mi ce? Ta ado?"

Nazifa ta ce, "Inna, shina nazari."

Inna ta ce, "To a ce mishi ya ƙare."

Na miƙa makulli ta ƙarƙashin labule.

Ummu, na bi hanya huɗu a takarda, ta biyar tana dafa mini tuwo kullum. Na kai ta filin ƙwallo don in koya mata halin motar. Ta zagaya, ta yi baya, ta ajiye ta tsakanin duwatsu biyu da na jera, sannan ta ce, "Malam, akwai saura?" Na ce giya ta uku tana ɗan tauri. Ta ce, "A hannunka."

Sai a daren Juma'a na tuna cewa kujeru biyu ne suka rage, kuma duk an cika su. Na nemi kabu-kabu.

Mun tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Inna ta sha sabon kallabi shuɗi, ɗauri mai tsayi, kamar da gangan. Kankana ta riga ta ci jarrabawa a gabanta, don haka ta shiga da bismilla ba gardama. Su a gaba, ni a baya bisa babur ina rungume da buhun tsaraba. A shingen Tsarnawa jandarman nan ya hango Ba-Hula da kallabi a ciki, ya taho yana dariya, ya sara ya ce, "Hajiya, an koma gaba ke nan?" Inna ta ce, "Lahiya lau, ɗana, ina aiki?" Mutumin nan ya yi tsalle da baya har hularsa ta karkace. Ya ce, "La ilaha! Yau ta gaske ce!" Nazifa ta ba Inna labari a hanya. Daga inda nake ina hango kafaɗunta suna rawa.

Muka juya arewa, Nazifa ta taka. Ina kallon shuɗin kallabin nan kamar mai gadi. Bai motsa ba. Ina cikin kallonsa, bayan Gidan Idar, hulata ta tashi, sabuwa, wadda na ajiye don ranar. Mai babur ya ce a tsaya? Na ce bi su.

Ƙoramar mun same ta da danshi, ruwan farko ya bi ya wuce. Tayoyi suka ɗan nutse, mutanen ƙauye suka fito suka tura, Inna tana zaune tana ba su umarni.

Gwaggo Saratu an fito da ita ƙofar gida bisa tabarma tun hantsi. Inna ta sauka, ta tafi da gwiwarta marar lafiya ba ta jira hannun kowa ba, ta durƙusa. Suka riƙe hannun juna suna kallo. Gwaggo ta ce da ƙarfi, yadda kurame ke yi, "Kin tsufa!" Inna ta ce, "Ke kika fara!" Sai kuka, su da duk matan da ke wurin. Ni na juya ina duba tayar babur, ba abin da ya same ta. Kafin a sauke zabi daga wuta har sun fara faɗa a kan wata tasar uwarsu da kowace ta ce ɗayar ce ta ɓatar.

Da la'asar gabas ta yi baƙi, na aika a ce wa Inna mu kama hanya. Ta aiko cewa mu kama. Ita ta zo ke nan, sai ƙorama ta janye bayan damina a zo a ɗauke ta. Ashe ƙullin kayanta da na ɗauka tsaraba ce, tufafinta ne.

Na je sallama, na durƙusa daga nesa, kaina a buɗe, ƙura har gira. Ina jiran Nazifa ta zo ta karɓi magana. Sai Inna ta ɗago ta dube ni, ni, ta ce, "Kai ma ta ɗauke maka?"

Na ce, "Ta ɗauke, Inna."

Ta ce, "To mun yi ɗaya." Ta jawo wata malfa daga bayan Gwaggo, ta marigayi mijinta, mai faɗi kamar faifan shanya, ta miƙo mini da hannunta. "Ungo. Rana. Allah shi yi maka albarka."

Ban san abin da na amsa ba. Na duba littafina, wurin ba komai sai kwanan wata.

Na sallami mai babur. Na nufi ƙofar direba, na tarar Nazifa ta riga ta zauna tana gyara madubi. Na zagaya. Muka tsallake ƙorama, ɗigon farko yana sauka a gilashi, kuma an ce kafin gari ya waye ta cika baki da baki. Ruwan bai kama mu ba, Nazifa ta tsere masa.

Kin ce Alhasan zai karɓi ragar. Ki ce masa ya sha zamansa. Daga Tajaye har ƙofar gidana ina zaune a kujerar Inna da malfar nan a kaina, hannuwana a cinya, ban riƙe ta ba ko sau ɗaya. Ta cancanci a saya. Wannan karon ban ƙara "a iya sanina" ba.

Makullin dai har yau yana jakar Nazifa. Na tambaye ta yaushe za ta maido. Ta ce tana nazari.

A gaida Alhasan da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taubashinki,
Labbo